Hawan Jinin da Ke Huhun Autarmu

Mu huɗu Inna ta haifa, dukanmu mata, kuma autarmu ce ta fi mu ƙarfi. Ba wani jiki gare ta ba, ƴar siririya ce, amma in ta kama taɓarya maƙwabta kan san wadda ke daka tun daga bayan danga. Ni lakkol, wato makarantar boko, ta ɗauke ni tun ina ƙarama, har na zama malama a Dogon Dutsi. Ita kuwa ta ce karatun boko bai karɓe ta ba. Ta auri wani manomi mai ƴan shanu a wani ƙauye na ƙasar Sukukutane, mutum mai ƙarancin magana, kuma ita ta nuna shi da bakinta. A gida Auta muke ce mata, har mijin ma haka ya ɗauka.

Bayan haihuwarta ta uku, tana cikin wankan jego, ƙafarta ta hagu ta kumbura tun daga cinya har idon sau. Ta yi zafi, ta yi nauyi, ba ta iya taka ta. Tsofaffin gidan suka ce sanyin jego ne, aka riƙa gasa mata da ruwan ganye, a hankali kumburin ya saɓe. Ta tashi ta koma aikinta, kowa ya manta.

Numfashin daga baya ya zo, kuma da sanɗa ya shigo. Da fari a bakin rijiya take ji. Rijiyoyin can suna da zurfi, in ta ja guga ɗaya sai ta tsaya ta dafa gwiwa. Sai ya kai ga daka. Sai ya kai ga tafiya cikin rairayi. Ba ta gaya wa kowa ba, don a ganinta gajiyar goyo ce.

Ni da Sallah babba na gani, da na je musu yini. Ta ɗauko ƙwaryar fura daga ɗakinta za ta kawo mini ƙarƙashin rumfa, tafiyar da ba ta kai tsallaka tsakar gida ba. Ta kai rabi ta tsaya, ta jingina da rumbu, tana murmushi don kada in lura. Leɓenta ya yi duhu, jijiyar wuyanta ta tashi tana harbawa.

Na ce, “Auta, tun yaushe kike haka?”

Ta ce, “Yaya, sha furarki. Rana ce.”

“Rana ba ta yi wa leɓe haka. Tun yaushe?”

Mijinta ne ya ba ni amsa daga inda yake gyaran igiya. Ya ce an daɗe. Ya ce ya saya mata ƙwayoyin fuka wajen masu tallar magani a kasuwa, ba su yi komai ba. Ya kai ta likita, wato ɗan asibitin ƙauyensu, aka ɗaura mata abin awon jini a damtse, aka ce tansiyonta lafiya lau, ba ta da hawan jini.

Washegari na taho da ita Dutsi. Likitan da ya duba ta ya fara da tarin tibi, tun da shi ne abin da ya fi yawa, aka gwada majina aka ce babu. Aka yi mata hoton ƙirji, wanda muke ce wa radiyo, ya ga zuciyar ta yi faɗi. Ya ce abin da ya fi zato shi ne ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, don yana ganinsa da yawa a ƙasar nan. Ya ba ta maganin da ke rage ruwan jiki, kumburin da ya fara taruwa a sawayenta ya sauka. Numfashin kuwa yana nan yadda yake. Da muka koma, ya yi mana magana tsakani da Allah. Ya ce idonsa da kunnensa sun kai iyakarsu, sai mu tafi Yamai a duba zuciyar da na'urar eko, irin wadda ake duba cikin masu juna biyu da ita.

Kafin mu shirya, sai Auta ta faɗi. Ta sunkuya ne za ta ɗauki yarinyarta, ta miƙe, sai ta zube a tsakar gidana. Ba ta daɗe ba ta farfaɗo, tana tambayar abin da ya faru. Labari ya kai Dumega, wajen Inna, da hantsi sai ga ta a kan babur ɗin ɗan kabu-kabu da ƙullin kayanta.

Inna tana sallarta, tana azuminta, amma a gidan bori ta tashi, kuma ba ta taɓa yarda cewa abin da iyayenta suka bauta wa ya bar ƙasar ba. Ta zauna kusa da Auta, ta shafa goshinta, ta tambayi rijiyar da take ɗiban ruwa, ta tambayi ko akwai tsamiya kusa da ita. Aka ce akwai.

Ta ce, “To, ba sai an hwaɗa mini ba. Doguwa ce. Ita ke zama bisa ƙirjin mutum, ita ke kada shi ba ciwo ba zazzaɓi. Likita ya auna jini ya ce lahiya, ya auna tari ya ce lahiya. Mi kuke son a gani Yamai?”

Na ce, “Inna, likitan da kansa ya ce akwai abin da bai iya gani daga nan.”

“Ni ma abin da nike hwaɗi ke nan.”

Ta ce a ba ta ɗiyarta ta tafi da ita Dumega, a kira masu goge, a tambayi mai abin me take so. Na san in aka tafi da Auta can, sai bayan girbi za a sake maganar Yamai, ni kuma na ga yadda ta zube. Na ce ba za ta je ba. Ban ɗaga murya ba, amma ban taɓa ce wa Inna a'a kai tsaye irin na ranar ba. 

Auta ce ta raba mu. Ta ce, “Inna, ki riƙe mini yarinyar nan, na yaye ta. Ki yi mini duk abin da kinka san ana yi, daga can. Ni zan bi Yaya. Ina son in san sunan abin ga.”

Mijinta ya kai sa ɗaya kasuwa, ya bar gonar a hannun ƙanensa. Muka shiga babbar mota mu uku, muka bi kwalta ta Doso har Yamai, muka sauka gidan wani kawunmu.

Likitar zuciyar da aka tura mu wajenta mace ce, Bazabarma, Hausarta ta kasuwa ce. In magana ta yi zurfi sai ta juya Faransanci, ni in mayar wa Auta da mijinta. Ta shafa wa Auta wani abu mai sanyi a ƙirji, ta daɗe tana yawo da kan na'urar, tana kallon allon. Da ta gama ta ce ɓangaren hagu na zuciyar, wanda ciwon bayan haihuwa ya saba kamawa, yana bugawa da ƙarfinsa. Ɓangaren dama ne ya kumbura ya gaji, don shi ke tura jini zuwa huhu, kuma yana turawa ne kamar mai tura ƙofar da aka tokare. Ta faɗi sunan ciwon da Faransanci. Na tsaya ina neman yadda zan ce da Hausa, daga baya na ce, “Hawan jini ne, amma na cikin huhu.”

Mijin ya ce, “An auna ta, an ce ba ta da hawan jini.”

Likitar ta gane abin da ya ce. Ta kama damtsenta ta ce wannan hanyar daban, ta dafa ƙirjinta ta ce wannan ma daban. Abin da ake ɗaurawa a hannu ba ya jin abin da ke faruwa a huhu.

Na ɗauka mun iso ƙarshen tafiya, tun da an samu suna. Sai ta ce sunan ɗaya ne, amma ciwon ba iri ɗaya ba ne. Ta tambayi mijin ko ya taɓa ban ruwa da injin a lambu, ya ce ya taɓa, a fadama. Ta ce to, mene ne ke sa injin ya riƙa gurnani ruwa bai tafiya? Ya ce ko tiyo ya tsufa ya matse, ko laka ta toshe shi, ko can bakin fita an danne. Ta ce haka huhu yake. Wani jijiyoyinsa ne suka ƙanƙance da kansu, kuma tsargiya ta masu wanka a tafki tana iya jawo haka. Wani huhun ne ya lalace da hayaƙi ko tsohon tari. Wani matsalar daga hagun zuciya take taruwa ta dawo baya. Wani kuma gudan jini ne ya taso daga wani wuri a jiki ya maƙale a jijiyoyin huhu, ya tsufa a can. Ta ce maganin da ke buɗe jijiyar wani, in aka ba wani, ruwa yake tara masa a huhu. Saboda haka ba za ta rubuta komai da ka ba.

Auta ta yi wanka a tafki tana yarinya kamar kowa. Ta yi shekaru tana girki da kara a ɗaki mai hayaƙi. Ta haihu ba da daɗewa ba. Duk ƙofar da aka duba, tana iya zama ita ce.

Likitar ta ce akwai awon da ya fi kowane tabbas, na zura siririn tiyo ta jijiya har cikin zuciya, amma a lokacin ba ta da halin yi mana shi. Abin da ke hannunta shi ne sikana, babban injin da ke ɗaukar hoton ƙirji yanki-yanki bayan an ɗura wa mutum wani ruwa a jijiya. Ta ce bayan idonta da na likitan hoto, akwai wata na'ura da take aiki da ita tare da abokan aikinta na waje. An koya wa na'urar karatun irin wannan hoton da hotunan marasa lafiya masu yawa waɗanda aka riga aka san irin ciwon kowannensu. Tana auna faɗin jijiyoyi manya da ƙanana, da girman ɗakunan zuciya, da yanayin naman huhu, sannan ta nuna irin da hoton ya fi kama da shi. Amma sai an aika hoton ta waya zuwa inda na'urar take, kuma sai mai ƙirjin ta yarda.

Da na fassara, mijin ya gyara zama. Ya ce, “Hoton ƙirjin matata za a kai wata ƙasa?”

Likitar ta juyo allonta, ta nuna masa irin hoton, na wani da ba suna a kai. Baƙi da fari ne da toka-toka, kamar an yanka kabewa an leƙa cikinta. Ta ce ba fuska, ba fata, ba suna. Ya daɗe yana kallo. Sai ya juya wajen Auta, ya ce, “Ƙirjinki ne.”

Ta ce, “In abin ga na iya ganin wanda ya toshe ni, a kai mishi.”

Ranar sikana ta farko ba ta yi mana kyau ba. Ana so mutum ya kwanta rigingine, ya ɗaga hannuwa sama, ya riƙe numfashi daidai lokacin da ruwan ke ratsa huhu. Auta kuwa ko kwanciya rigingine wahala ce gare ta. Ruwan da aka ɗura mata ya sa ta ji zafi ya bi jikinta gaba ɗaya, ta tsorata, muryar da ke ba da umarni daga cikin injin kuma da Faransanci take magana. Ta saki numfashi a tsakiya, ta yi tari. Hoton ya fito da gizo-gizo a inda aka fi bukata. Likitar ta ce in ta aika wannan, na'urar za ta ba da amsa, amma amsar ba abin dogara ba ce. Sai a bar ƙodarta ta huta daga ruwan, a sake.

Muka koma gidan kawu. Da muka isa Auta ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta ce ta ɓata mana tafiya. Mijinta ya fita waje, na san don kada ta ga fuskarsa ne. Ni kuma abin da na iya a duniya shi ne koyarwa, sai na ce mata gobe za mu fara darasi.

Kowace safiya, bayan ta sha kunu ta huta, sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ta kwanta rigingine, ta ɗaga hannuwa. Ni in zama injin, in faɗi kalmomin nan na Faransanci yadda muryar ke faɗinsu, har ta san wadda ke nufin ja, da wadda ke nufin riƙe, da wadda ke nufin saki. Tsawon riƙewar ne ya fi ba mu wuya. Ta ce in ina ƙirga mata, hankalinta tashi yake yi. Ita ta samo dabara da kanta: za ta riƙa karanta Ƙulhuwallahu a zuci, a natse, in ta kai ƙarshe ta saki. Da fari ba ta kaiwa rabi sai ta fashe da haki, idanunta su kawo ruwa. In ce mu bari sai an jima, ta ce a'a, a ƙara ɗaya. Matar kawu takan tsaya da tsintsiya a hannu tana kallonmu. Mijin ya samo wata tsohuwar ganga da aka fasa gindinta, ya ce ko za a sa kanta a ciki don ta saba da ramin injin. Ranar ce Auta ta yi dariya har sai da muka tashe ta zaune ta huce.

Da ranar ta zo, na roƙi mai ɗaukar hoton ya bar ni in tsaya inda za ta ji muryata kafin a fara, ya yarda. Na gaya mata zafin ruwan zai zo, ta bar shi ya wuce. Aka fitar da ni, na tsaya bayan gilashi. Na ga gadon ya shiga da ita, na ga ƙirjinta ya tashi ya tsaya cak. Ni ma ban san na riƙe nawa numfashin ba sai da mai hoton ya ɗaga mini babban yatsa.

Amsar ba ta zo nan take ba. Wuta ta yi ta ɗaukewa a makon, hoton kuma nauyi gare shi, in ya fara tafiya sai layin ya yanke a koma farko. Muka riƙa zuwa muna zama a kan benci, a ce mu dawo. A tsakanin nan aka gwada ta tsargiya, aka gwada sikila, aka gwada sida, wato ƙanjamau, duk babu. Hutun lakkol ya kusa ƙarewa, na buga wa shugaban makarantarmu waya na ce ba zan dawo ba sai da amsa a hannu. Ya ce za a raba ajina tsakanin malamai biyu kafin in zo.

Da aka kira mu, likitar ta juyo allon gaba ɗaya wajenmu. Na'urar ta zana jijiyoyin huhun Auta da launi, sun fito kamar itace da rassansa. Gindin ya yi kauri fiye da kima. Wasu rassan sun tafi har ƙarshe da ƴan ƙananan reshe, wasu kuwa sun yanke a hanya kamar an sare su, abin da ke gabansu ya zama fili. A gefe akwai jerin ire-iren ciwon, kuma wanda na'urar ta fi karkata gare shi shi ne na tsohon gudan jini.

Mijin ya ce, “To, ta hwaɗi ke nan.”

Likitar ta ce ba ta faɗi ba, ta nuna hanya ne. Ta ce yawancin ƙirazan da na'urar ta yi karatu a kansu ba na mutanen ƙasar nan ba ne, ba su sha hayaƙin kara ba, ba su yi wanka a tafki ba, saboda haka ba ta karɓar maganarta sai ta bi sawu. Ita da likitan hoto sun koma sun zauna a kan wuraren da na'urar ta yi wa alama, yanki bayan yanki. A can suka ga abin da ke da wuyar gani in ba an san inda za a duba ba: wasu zare-zare a cikin jijiyoyin, da wuraren da bangon jijiya ya yi kauri ta gefe ɗaya, ragowar gudan jinin da ya daɗe ya zama tabo.

Sai ta tambayi Auta da Hausarta, “Ƙafa ta taɓa kumbura?”

Ta taɓa yi mana wannan tambayar a ranar farko, muka ce e, muna nufin kumburin sawaye na kwanan nan. Yanzu ta ɗaga yatsa ɗaya. “Ƙafa guda. Da zafi. Bayan haihuwa.”

Auta ta dafa cinyarta ta hagu, ta ce, “Wagga. Amma ta warke tun tuni.”

Aka duba ƙafar da eko a ranar, aka ga tabon a jijiyar cinya. Daga nan jinin ya daskare, ya ɓalle, ya bi hanya har huhu.

Likitar ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce za ta sa Auta a kan maganin da ke tsinka jini, don kada wani sabon guda ya ƙaru a kan na da, kuma shan sa har iyakar rai ne. Maganin ba ya narkar da tabon da ya riga ya zauna. Akwai aikin tiyata da ake buɗe jijiyoyin a ɓare tabon, wasu suna warkewa sarai, amma ba a yin sa a ƙasarmu, kuma masu yin sa za su so su ga wannan hoton da ƙarin awo kafin su ce ta dace. Ta ce za ta nema mana hanya, ba ta yi alkawarin lokaci ba. Sannan ta ce mini da Faransanci akwai magana ɗaya da ta rage, in zaɓi yadda zan faɗe ta: wani cikin zai iya kashe Auta, maganin ma yana cutar da ɗan tayi.

Ban zaɓi wata hanya ba, na faɗe ta yadda take. Auta ta sunkuyar da kai. Ƴaƴanta uku duk mata ne, kuma na san abin da dangin miji ke jira. Mijin ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Sai ya tambayi likitar, ta bakina, wace dabarar tsarin iyali ce ba ta karo da maganin. Ta gaya masa. Ya ce a yi ta yau kafin mu bar Yamai, kuma maganar danginsa a bar masa.

Muka dawo gida da ƙa'idodi. Za a riƙa auna jininta a Dutsi a kai a kai, don maganin in ya yi yawa jini ya zuba, in ya yi kaɗan bai yi aiki ba. Ba ƙaho, ba tsaga, ba ƙwayar masu talla ko da ta ciwon kai ce. Zogale da sauran ganye ba a hana ta ba, amma kada ta ci tuli yau gobe ta bari, don ganye yana taɓa ƙarfin maganin. Auta mai son kopto ce, wato kwaɗon zogale, sai da aka yi ciniki da ita a kan ludayi nawa.

Na yi fargabar yadda Inna za ta karɓi labarin. Na zana mata itacen a ƙasa da tsinke, na nuna mata rassan da suka yanke, na gaya mata maganar ƙafa. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce ita ma ta yi nata a Dumega, an yi abin da ya kamata, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ɗaya ya kore ɗaya ba. Ban yi gardama ba. Ta tattara kayanta ta koma ƙauyen Auta da zama, ta karɓi daka da ɗiban ruwa ta raba wa matan gidan. Ita ce ta kori wanzamin da wata gwaggon mijin ta kira don ya yi wa Auta ƙaho a baya. An ce har bakin hanya ta raka shi, tana gaya masa jinin ɗiyarta ba na taɓawa ba ne yanzu.

Auta ba ta koma yadda take da ba. Ba ta daka, ba ta jan guga. Amma faɗuwar ta tsaya, kumburin bai dawo ba, tana tsallaka tsakar gidanta ba tare da ta nemi abin jingina ba. Ta koyi saƙar faifai da tabarma wajen wata tsohuwa, aikin da ake yi a zaune, kuma hannunta ya faɗa har ana sayen nata a kasuwar Dutsi. Maganar tiyata tana nan. Nakan je Yamai in hutu ya zo, likitar ta sake duba zuciyar, ta gaya mini inda aka kwana. Wani zuwan akwai ci gaba, wani zuwan babu, ni dai ban fasa zuwa ba.

Daminar bara ruwa ya yanke hanyar ƙauyensu daidai lokacin awon jininta. Kabu-kabu ba ya shiga, balle mota. Na buga waya na ce su bari ruwan ya janye, zan yi wa mai awon bayani. Auta ta karɓi wayar daga hannun mijinta ta ce ba a ɗaga ranar awo. Ya ɗaura wa shanunsa amalanke, ya shimfiɗa mata katifa a kai, ya kafa mata zane don rana, suka ratsa ruwan har inda ƙasa ta yi tauri, daga nan suka samu babur. Da azahar suka iso gidana, laka har gwiwar wandonsa, ita kuma tana riƙe da faifai biyu da ta ce kada su jiƙe. Muka wuce wajen awo kafin a tashi. Jinin ya fito daidai yadda ake so. Mai awon ya ce ta ci gaba da shan maganin yadda take sha, ta ce to, sannan ta tambaye shi ko matarsa na bukatar faifai.